Zafin Bazara da Kwamfutar Tebur: Shin Babbar Fanka Ce Magani?

Da zarar hunturu ya ja jiki, rana ta fara ƙwallewa, sai wata magana ta dawo bakin masu shagunan buga takardu da wankin hoto, tun daga Tasawa da Mayahi har ƙananan garuruwa irin su Tchaké. Wai kwamfutocin da ake kawo mana don ƙasashen sanyi aka ƙera su, fankar da suke zuwa da ita ba ta iya zafinmu, saboda haka duk wanda bai cire ta ya ɗaura babba ba, injinsa zai ƙone kafin ruwan farko ya sauka. Wasu sukan ƙara wa miyar gishiri, su ce babbar fanka tana ninka saurin kwamfuta. Wasu kuma sun gano a waya cewa akwai mai aiki da ruwa, mai fitilu kala-kala, sun ɗauka ita ce ƙarshen magana. Mai shago ya kai injinsa wajen gyara saboda nauyin aiki, amsar da zai ji ita ce: "Alhaji, ai fankar ce ta yi mata kaɗan." Daga nan sai aike ya tafi Maraɗi ko Kano.

Akwai gaskiya a cikin maganar, kuma ba ƙarama ba. A yankin Maraɗi, zafin rana a watannin Afrilu da Mayu yakan kai digiri 40 ko ya wuce, kuma wannan a inuwa ne ake auna shi, ba a cikin shago mai rufin kwano da ƙofa ɗaya ba. A farkon Afrilun 2024, lokacin da zafi ya gallabi Sahel, an auna digiri 48.5 a garin Kayes na Mali. Kamfanonin Dell da HP kuwa, waɗanda kwamfutocinsu na hannu suka cika ofisoshi da shagunanmu, sukan rubuta a takardun yawancin injinansu na tebur cewa iyakar zafin ɗakin da suka amince a yi aiki a ciki shi ne digiri 35. Ke nan makonni da dama a shekara muna aiki da waɗannan injina a sama da iyakar da masu su suka gindaya. Wanda ya ce zafi na wahalar da kwamfuta a ƙasar nan bai yi ƙarya ba. Inda gizo ke saƙar shi ne maganin da ake sayar mana.

Fanka ba ta ƙera sanyi

Abin da ake kira fankar furosesa abubuwa biyu ne a haɗe: tulin ƙarfe mai siraran faifai da ke zaune a kan furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, da fankar da ke hura iska ta tsakanin faifan. Duk mai babur ya san wannan dabara, ko da bai taɓa buɗe kwamfuta ba. Dubi kan injin babur ɗinka, za ka ga an yi masa haƙarƙari na ƙarfe jere-jere. Ba ado ba ne. Zafin da ke cikin inji yana bin ƙarfen ya bazu a kan haƙarƙarin, iskar gudu ta kwashe shi. Da asuba a cikin sanyin Janairu injin ba ya wani zafi. Da azahar a Afrilu, a hanya ɗaya, da kaya iri ɗaya, sai ka ji yana turiri. Idan laka ta cike haƙarƙarin, ko ka tsaya wuri ɗaya inji na kunne, zafi ya taru. Kuma ko ka ninka yawan haƙarƙarin, injin ba zai taɓa zama ƙasa da iskar da ke kaɗa shi sanyi ba. Haka fankar furosesa take. Ba firji ba ce, ba kuma na'urar sanyaya ɗaki ba ce. Ɗan dako ce kawai: ta ɗauki zafi daga furosesa ta sauke shi a cikin iskar ɗakinka.

Wannan ne ya sa lambobin da ake gani a tallace-tallace suke yaudarar mutanenmu. Masu gwada irin waɗannan kaya a Turai da Amurka suna yin gwajinsu ne a ɗaki mai zafin digiri 20 zuwa 25. A ce wata fanka tana riƙe furosesa a digiri 45 sama da iskar ɗaki idan aiki ya yi nauyi. A ɗakin mai gwaji, inda iska take 22, za a ga 67. Ka kawo wannan fankar, da wannan furosesan, ka sa a shago a Tchaké inda iskar ɗaki take 43, za ka ga 88. Ba jabu aka sayar maka ba, ba kuma mai gyara ne ya cuce ka ba. Ɗakin ne. Duk digiri ɗaya da ka rage wa ɗaki, ka rage wa furosesa kusan digiri ɗaya, kuma kyauta. Silin a ƙarƙashin kwano, taga ta biyu da iska za ta ratsa, rumfa a gaban shago: kowannensu yana iya yin abin da fanka mai tsada ba za ta yi ba.

Batun ƙonewa kuma tsohon labari ne da ya ƙi mutuwa. A shekarar 2001 masu gwajin kaya na Tom's Hardware sun nuna bidiyon furosesan AMD Athlon yana hayaƙi bayan an cire masa fanka yana cikin aiki. A wancan zamani abin tsoro ne da gaske. Amma tun daga Pentium 4 da ya fito a 2000, Intel ta sa wa furosesanta dabarar rage gudu idan zafi ya yi yawa, AMD ma ta bi sahu. Furosesan yau idan ya kusanci iyakarsa, wadda a yawancin na Intel take wajen digiri 100, a Ryzen 7000 na AMD kuma 95, shi da kansa yake rage gudu don zafin ya sauka. Idan hakan bai isa ba, sai ya kashe injin ɗungurungum. Saboda haka alamar zafi ba hayaƙi ba ce. Alamarsa ita ce fanka ta riƙa ihu, aiki ya riƙa jan ƙafa bayan an ɗan jima da kunnawa, wani lokaci injin ya ɗauke ba sallama.

Daga nan ne kuma za a gane inda maganar "ninka sauri" ta samo asali. Idan furosesa yana rage gudu saboda zafi, ka gyara masa sanyaya, zai koma gudunsa na asali, mai shi ya ga kamar an ƙara masa ƙarfi. Amma idan dama bai kai ga rage gudu ba, ko ka ɗaura masa fankar da ta fi kowace girma a kasuwa, takardar da kake bugawa ba za ta fito da wuri ba ko da daƙiƙa ɗaya. Kwamfutar da ke ɗaukar minti biyar kafin ta buɗe, galibi ciwonta tsohon faifan ajiya ne mai juyawa, ko ƙarancin RAM, ko ƙwayoyin cutar da filashin kwastomomi ke zuba mata kullum. Kuɗin babbar fanka, da an sa shi a faifan SSD, da an ga bambanci tun ranar. Sayen fanka a irin wannan hali barin jaki ne ana dukan taiki.

Auna kafin ka buɗe aljihu

Abin takaici shi ne, sanin ko zafi ne ko ba shi ba ne ba ya cin ko dala. Akwai manhajoji na kyauta irin su Core Temp da HWMonitor da HWiNFO da ke nuna zafin furosesa nan take. A kunna ɗaya, a sa kwamfuta ta yi aikin da ta fi jin jiki a kansa, a lokacin da shago ya fi zafi, wato tsakanin azahar da la'asar, a duba na minti 15 zuwa 20. Idan lambar tana yawo a 60 zuwa 75, furosesanka lafiya lau yake. Idan tana wajen 80 zuwa 85 a tsakiyar bazara, ba abin tayar da hankali ba ne, amma a sa ido. Idan ta kai 95 ta tsaya a can, ko kuma tana sama da 70 alhali ba a aikin komai, to akwai matsala. Duk mai gyaran da ya ce a sayi fanka bai nuna wannan lamba ba, a tambaye shi da me ya auna.

Ko da lambar ta yi sama, sabuwar fanka ita ce mataki na ƙarshe, ba na farko ba. Wanda ya taɓa buɗe kwamfutar da ta yi hunturu biyu a wannan yanki ya san abin da zai tarar: ƙura ta haɗu da zare da gashi ta yi kirtani tsakanin fanka da faifan ƙarfe, ta toshe hanyar iska gaba ɗaya. Fanka na juyawa, tana ƙara, amma iska ba ta ratsawa. A fitar da injin waje, a busa shi da bulowa, a riƙe fankar da yatsa kada iskar ta juya ta fiye da ƙima. Ba a busawa da baki, saboda yawu. Bayan ƙura sai man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen. Kwamfutar da aka ƙera a 2012 ko 2014, ta yi shekaru a wani ofishi a Turai, ta biyo jirgin ruwa zuwa Kwatano ko Legas, ta iso nan, sau da yawa man da aka sa mata a masana'anta ne har yau a kanta, ya bushe ya zama gari. Shara da sabon mai, su biyun nan, su ne maganin mafi yawan zafin da ake ɗora wa fanka.

Sai kuma a tuna cewa ba duk ɗaukewar inji ce zafi ke jawowa ba. Wutar yankin Maraɗi da Damagaram ta daɗe tana dogaro da layin da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa, kuma kowa na tuna yadda aka sha fama lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a Agustan 2023, har zuwa Maris 2024. Inda wutar kamfanin NIGELEC ke rauni, ko ake aiki da ƙaramin janareta, ko sola mai gajiyayyen batir, injin yana iya mutuwa don wuta ta yi ƙasa, ko don akwatin wutarsa na ciki ya gaji. Wannan ba aikin fanka ba ne. A san kuma cewa babbar fanka ba ta rage shan wuta. Furosesan da ke cin wat 65 zai ci gaba da cin wat 65, kuma duk zafin nan a ɗakinka zai ƙare.

Ba kowace fanka ke hawa kowace kwamfuta ba

To, yaushe sauya fanka yake da ma'ana? Idan ta asali ta mutu ko ƙafafunta na roba sun karye. Idan injin haɗi ne, wato an sayi babban allo da furosesa da akwati daban-daban an haɗa, kuma ana aiki mai nauyi da shi na sa'o'i, irin haɗa bidiyon biki ko zanen manyan allunan talla. Ko kuma idan furosesan yana cikin waɗanda ake sayarwa ba fanka, kamar sababbin furosesan Intel masu harafin K a ƙarshen lambarsu. Core i9-13900K, alal misali, yana iya jan wat 253. Core i5-6500 kuwa wat 65 ne, i5-3470 wat 77, i5-4570 wat 84. Irin waɗannan ukun ne suka fi yawa a shagunanmu, kuma fankar da suka zo da ita, idan tana da tsabta, ta ishe su.

Wanda ya yanke shawarar saye, abu uku zai tabbatar tun kafin ya ba da aike. Na farko mazaunin furosesa, wanda masu gyara ke kira soket. Soket-soket na Intel masu lamba 1156 da 1155 da 1150 da 1151 da 1200, waɗanda suka fito tsakanin 2009 da 2020, duk tazarar ramukansu ɗaya ce, milimita 75, saboda haka fanka ɗaya tana hawansu duka. Tsohon 775 na zamanin Core 2 Duo tazararsa 72 ce, sabon 1700 da ya zo a 2021 kuma 78. Milimita uku ba komai ba ne a ido, amma noti ba zai shiga ba. A ɓangaren AMD, yawancin fankokin AM4 suna hawa AM5 da ya fito a 2022. A duba jikin kwali, a kuma tabbatar ƙarafunan ɗaurawa na soket ɗin suna ciki, domin kayan hannu sau da yawa sukan zo an ɗebe musu wani abu.

Na biyu tsayi. Fanka mai hasumiya irin Hyper 212 EVO ta kamfanin Cooler Master tsayinta milimita 159 ne, NH-D15 ta Noctua kuma 165. A sa ma'auni daga kan furosesa zuwa murfin akwati. Na uku, a duba ko faɗinta ba zai danne sandunan RAM ba.

Ga kuma abin da dillali ba zai faɗa maka ba. Kwamfutocin ofis irin su Dell OptiPlex da HP EliteDesk da Lenovo ThinkCentre, musamman sirara da ake kwantarwa a ƙarƙashin allon kallo, ba a yi su don a sauya musu fanka ba. Akwatinsu bai kai tsayin hasumiya ba. Wasu maɗaurinsu na kamfani ne, a jikin akwati yake. Dell da yawa kan wayar fankarsu mai ƙafa 5 ne, alhali na kasuwa mai 4 ne. Ka yi dabara ka haɗa, injin ya riƙa tsayawa yana kukan ba ya ganin fanka duk lokacin da aka kunna. Mai irin wannan inji, idan fankarsa ta lalace, ya nemi irinta sak daga wani mataccen inji a wurin masu kayan kwance. Ta fi araha, kuma ita ce daidai. Wannan shawara za ta ƙara amfani nan gaba, domin tun da Microsoft ta daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 ba ta karɓar yawancin furosesan Intel da suka girmi zubi na 8, ofisoshin ƙasashen waje suna ta sauke irin waɗannan injina, kuma mun san inda kayan da aka sauke suke ƙarewa.

Ranar ɗaurawa

Aikin ba ya wuce minti 30 zuwa 40 ga mai natsuwa, amma gaggawa tana iya cinye allo da furosesa baki ɗaya. A fara da kunna kwamfutar na ƴan mintoci don tsohon man ya yi laushi. A kashe, a zare wayar daga bango, a danna maɓallin kunnawa don sauran wutar da ta maƙale ta fita. Kafin hannu ya shiga ciki, a taɓa ƙarfen akwatin. Wannan ba camfi ba ne. A lokacin hunturu, da iska ta bushe, jikin mutum yana tara wutar nan da ke yin tsat idan an taɓa ƙofar mota ko an cire rigar leda, kuma ɗan wannan ya isa ya kashe wani abu a kan allo ba tare da an ga alama ba. A yi aikin a kan teburin katako, ba a kan darduma ko tabarmar roba ba.

A zare wayar tsohuwar fanka, a kwance ƙafafunta, sannan a ɗan murɗa ta hagu da dama kafin a ɗaga. Masu AM4 su kula sosai a nan: ƙafafun furosesan a jikinsa suke, idan man ya kama aka fizga, sai ya biyo fankar ya fito, ƙafafun su lanƙwashe. Masu Intel kuma kada su buɗe maƙullin soket, babu abin da ya kai su can. Lambar 1151 ɗin nan adadin siraran ƙafafun da ke cikinsa ne, ɗaya ta karkace allo ya tashi aiki. A goge tsohon man da ƙyalle mai tsabta marar gashi da ɗan sifirit mai ƙarfi, irin wanda ake kira isofurofil. Ba fetur ba, ba kananzir ba, ba a kuma kankarewa da reza.

Yawancin manyan fankoki suna da faranti da ake sawa ta bayan allo. Idan akwatin ba shi da taga ta baya, dole a ciro allon gaba ɗaya. Wanda bai taɓa yi ba ya kai wa wanda ya iya. Sannan a juya sabuwar fankar a dubi ƙasanta. Akwai ƴar leda mai haske da ake mannawa a masana'anta don kada ƙarfen ya karce. A ɓare ta. Mutane da yawa, har da waɗanda suka daɗe a sana'ar, sukan manta da ita, su ɗaura, su ga zafi ya fi na da, su ce kaya jabu ne.

A ɗora fankar a miƙe sau ɗaya, kada a ɗaga a sake ajiyewa. A ɗaure notuna a gicciye, wannan kusurwa sannan wadda ke fuskantarta, juyi biyu-biyu, har su tsaya da kansu. Ɗaure gefe ɗaya tamau kafin ɗayan yana karkatar da ƙarfen, rabin furosesa ya zauna ba abin da ke taɓa shi. Fankar ta fuskanci yadda za ta ja iska daga gaban akwati ta tura ta baya, inda fankar fitarwa take; akwai ƴar kibiya a gefen yawancinsu da ke nuna hanyar iska. Wayarta kuma ta shiga inda aka rubuta CPU_FAN a kan allo, ba wani wuri ba. A kunna murfi a buɗe, a ga da ido tana juyawa, a rufe, a sake gwajin nan na azahar. Idan lambar ba ta sauka ba, a koma kan leda, da notuna, da mai.

Man furosesa ba man shanu ba ne

A kan wannan mai ne aka fi yin ɓarna, saboda tunanin cewa shi ne ke sanyaya, don haka yawansa alheri ne. Sai ka buɗe inji ka tarar an lafta shi har ya zubo gefe. Fuskar furosesa da ta ƙarfen fanka, ko da sun yi sumul a ido, suna da ƙananan ramuka da iska ke maƙalewa a ciki, iska kuwa ba ta wuce da zafi. A ma'aunin da injiniyoyi ke auna yadda abu ke wuce da zafi, jan ƙarfe yana wajen 400, alminiyam ya haura 200, man MX-4 na kamfanin Arctic an daɗe ana rubuta masa 8.5, iska kuwa 0.026. Dubi waɗannan lambobi da kyau. Man ya fi iska sau ɗaruruwa, amma jan ƙarfe ya fi man kusan sau 50. Aikinsa kawai ya kori iska daga ramukan, ya bar ƙarfe ya kusanci ƙarfe iya kusanta. Ɗigo ɗaya kamar ƙwayar wake a tsakiya ya isa, matsin notuna zai baza shi. Idan sabuwar fankar ta zo da nata man a shafe, ba a ƙara wani a kai.

Man goge baki, da giris, da man shafawa, duk ana jin labarin masu sa su. Na goge baki ruwa ne a cikinsa, cikin ƴan kwanaki zai bushe ya bar alli. Akwai kuma wani da ake kira ƙarfe mai ruwa, wanda matasa ke gani a bidiyo suna sha'awa. Yana ɗaukar wuta, ɗigo ɗaya a kan allo ya isa ya ƙone shi, kuma sinadarin galiyam da ke cikinsa yana cin alminiyam. Ba kayan shagon buga takardu ba ne.

Haka ma fanka mai ruwa. Ruwan ba ya yin ƙanƙara. Famfo ne ke zagaya da shi daga furosesa zuwa lagireto, fankoki su hura, zafin ya fita cikin iskar ɗaki dai. Lagireton nan ramukansa sun fi na hasumiya ƙanƙanta, ƙura ta fi saurin toshe su. Famfon yana mutuwa, kuma ran da ya mutu, zafi zai hau cikin daƙiƙoƙi. A Tchaké ko Mayahi wa zai ba ka wani a ranar? Fanka mai hasumiya ita ma tana da ruwa, mutane ne ba su sani ba. Bututun jan ƙarfen nan da ke ratsa faifanta a liƙe suke, da ɗan ruwa kaɗan a ciki da aka zuƙe wa iska, don haka yana tafasa tun zafi bai yi nisa ba. Tururin ya hau sama, ya huce a faifai, ya koma ruwa, ya biyo bangon bututun ya dawo. Ba famfo, ba abin da ke motsi sai fankar, ita kuma ko ta mutu ana samun irinta mai milimita 120 a kusan kowane shagon kayan kwamfuta. A ƙasa mai ƙura da nisan kasuwa, abin da ba ya da yawan sassan lalacewa shi ne mai daraja.

Sauran dabarun gida ma a yi hattara da su. Cire murfin gefe a kafa fankar tebur yana ɗan sauke zafi na yau, amma ya buɗe ƙofa ga ƙura da ƙwari da ƙadangaru, kuma a siraran injinan kamfani yana ɓata hanyar da aka tsara wa iska. Ajiye ƙanƙara ko jiƙaƙƙen tsumma a jikin akwati yana jawo raɓa a kan allo. Rufe injin da zane don ƙura abu ne mai kyau, amma bayan an kashe shi, ba yana aiki ba. A ɗaga shi daga ƙasa, a matsar da shi daga bango kamar taki guda, kada a kulle shi a cikin durowar tebur.

Wannan magana ba ta masu shago kaɗai ba ce. Ana kawo kwamfutoci ofisoshin magajin gari da makarantu da asibitocin karkara, a yi biki, a ɗauki hoto, a jera su a ɗaki mai rufin kwano ba silin. Ba kasafai ake jin an ware wani abu don sharewa ba, balle a ce ga wanda aikin yake wuyansa. Bayan bazara biyu sai a ce sun lalace, a jingine su a kusurwa, a fara rubuta takardar neman sababbi. Da yawansu ba abin da ya same su illa ƙura da busasshen mai. Mai neman takardar haihuwar ɗansa da aka ce ya dawo gobe saboda inji ya mutu, shi ne ke biyan kuɗin wannan sakaci, da kuɗin mota da yinin gona.

Saboda haka kafin a aika Maraɗi ko Kano neman babbar fanka, a auna zafin, a share ƙurar, a sauya man, a gyara iskar ɗakin. Idan an yi waɗannan huɗu lambar tana nan a 95, kuma injin irin wanda ke karɓar sauyi ne, to a saya, a ɗaura da natsuwa. Shugabannin ofisoshi kuma su sa sharar kwamfuta a cikin kasafinsu sau biyu a shekara: ƙarshen hunturu kafin zafi ya shigo, da bayan damina. Bulowa ɗaya da sirinjin mai ɗaya sun ishi ofishi guda.